Gishiri A Rijiyoyin Birnin Niu Yok

Zancen kimiyya na yau a kan ruwan rijiya ne, da yadda teku ya kan bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓata shi, alhali kuwa ko igiyar ruwa ɗaya ba ta hau tudu ba.

Hausawa su kan ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Maganar gaskiya ce, amma ba ta faɗi irin ruwan da mai tono zai tarar ba, ba ta kuma faɗi abin da zai auku in masu tonon suka yi yawa ba. Duk matafiyin da ya taɓa sauka wani gari da ƙishirwa aka kawo masa ruwan zartsi, ya san ba ko wane ruwa ne ke kashe ƙishi ba. To, akwai rijiyar da tun ran da aka gina ta zartsi gare ta, akwai kuma wadda ta shekara hamsin tana ba da ruwa mai daɗi, sa'an nan ta juya ta zama ta gishiri. Irin ta biyun nan ce ta sami mutanen Niu Yok, babban birnin ciniki na ƙasar Amurka, kuma da hannunsu suka jawo wa kansu.

Birnin Niu Yok gunduma biyar ne. Biyu daga ciki, watau Burukilin da Kwins, suna zaune a kan goshin wani tsibiri da a ke kira Lon Ailan, ma'ana Dogon Tsibiri, wanda tsawonsa ya kai mil 118, ruwan gishiri kuwa ya kewaye shi ko ta ina. Ƙarƙashin tsibirin nan rairayi ne da tsakuwa da yumɓu, hawa-hawa, a shimfiɗe bisa dutse, a gefen kudu kaurinsu ya wuce ƙafa 1,000. Hawa na sama shi ne wanda ƙanƙarar zamanin da ta turo ta bari. Ƙarƙashinsa akwai babban hawa da masana su ke kira Magothy, can ƙasa kuma, bayan wani yumɓu mai kauri, akwai wanda a ke kira Lloyd, shi ne ke kwance a kan dutsen. Kada a zaci wani kogi ne ke gudu a can ciki. Ruwan yana zaune ne a tsakankanin ƙwayoyin rairayi, kamar yadda mata ke tona gaɓar kogi da rani su sami ruwa a cikin yashi. Asalinsa duka ruwan sama ne. A kan sami ruwan sama wajen inci 44 a shekara a tsibirin, kafin a cika shi da gine-gine kuwa kimanin rabin wannan ya kan nutse cikin ƙasa.

To, me ya hana ruwan teku ya cika rairayin nan, tun da yake ya kewaye shi? Amsar tana ga nauyi. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi. Kowa na iya gwada wannan a gida: a jefa ƙwai cikin kwanon ruwa, zai nutse, a zuba gishiri da yawa a dama, sai ƙwan ya taso. Saboda haka a bakin teku ruwan daɗi ya kan hau bisa na gishiri, kamar yadda man gyaɗa ke hawa bisa ruwa, na gishirin kuwa ya kwanta a ƙasa ya kutsa kai ƙarƙashin tudu kamar bakin gatari. Muddin ruwan sama na nutsewa, ruwan daɗi na gangarawa a hankali zuwa teku, sai ya riƙa tura na gishirin baya.

Masana biyu ne aka fi tunawa da su wajen lissafin wannan al'amari. Ɗaya injiniyan soja ne na ƙasar Holan, sunansa Badon Ghijben, wanda ya yi nasa binciken a wajajen 1888. Ɗayan kuwa Bajamushe ne, Herzberg, wanda ya bayyana nasa a 1901. Abin da suka nuna shi ne, ruwan teku ya fi ruwan daɗi nauyi da kashi ɗaya cikin 40. Watau ke nan, ko wace ƙafa ɗaya da ruwan rijiya ya ɗara fuskar teku tsawo, akwai ƙafa 40 na ruwan daɗi a ƙarƙashin fuskar tekun kafin a kai ga gishiri. Wannan lissafi yana da daɗin ji, amma a juya shi a gani. In aka janye ruwan rijiya ya sauka da ƙafa ɗaya tak, gishiri zai nemi tasowa da ƙafa 40. Ba dare ɗaya zai taso ba, gama ruwan ƙasa tafiyar hawainiya ya ke yi, yumɓu kuma ya kan tare shi. Amma in aka ci gaba da ja, ko ba jima ko ba daɗe sai ya iso.

Ba kuwa sai ya iso da yawa ba. Ko wace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Sinadarin gishiri da a ke aunawa a ruwan sha, wanda a ke kira kulorayid, ya kai miligiram 19,000 a litar ruwan teku, alhali a Amurka ba a so ya wuce 250 a ruwan famfo. In aka yi lissafi sai a ga guga ɗaya na ruwan teku ya isa ya ɓata guga saba'in da wani abu na ruwan daɗi.

Tun farkon birnin mutanen Niu Yok suka fara ɗanɗana wannan. A tsibirin Manhatan, inda Turawan Holan suka kafa garin, yawancin rijiyoyi zartsi ne, waɗanda ba zartsi ba kuma ƙazantar gari ta lalata su. Sai da annobar amai da gudawa ta 1832 da babbar gobarar 1835 suka yi musu ɓarna, sa'an nan suka jawo ruwan kogin Croton daga arewa, ya iso birni a 1842. Burukilin kuwa a lokacin nan gari ne mai cin gashin kansa, sai a 1898 aka haɗe shi da Niu Yok. Shi ya dogara ne ga tafkuna da ƙoramu da rijiyoyin tsibirinsa.

Da Burukilin ya bunƙasa, sai masana'antu suka cika shi: masu tace sukari, da masu yin giya, da masu yin ƙanƙara, daga baya kuma ga manyan kantuna da gidajen silima masu bukatar ruwa don sanyaya ɗakuna. Kowa ya ga ruwan ƙasa kyauta ne, kowa ya haƙa tasa rijiya ya ɗora mata inji. A sa'an nan kuma aka yi ta shimfiɗa tituna da rufe ƙasa da gidaje, aka gina manyan magudanai masu kwashe ruwan sama da ruwan wanka su zuba a teku. Watau ana ta ɗiba daga randa, an kuma toshe hanyar da a ke zuba mata. Ko da ruwan duwatsun Catskill ya iso birnin a 1917, masana'antu ba su bar rijiyoyinsu ba. Ma'aikatar binciken ƙasa ta Amurka ta auna, ta tarar a 1936 ruwan ƙasa a wani sashe na Burukilin ya sauka har ƙafa 35 ƙasa da fuskar teku.

A dubi abin da wannan ke nufi. Lissafin nan na ɗaya da arba'in yana aiki ne in ruwan daɗi ya fi teku tsawo. Da zarar ya koma ƙasa da shi, babu sauran abin da zai tare gishiri. Gangaren ya juya ke nan: maimakon ruwan tudu ya gangara teku, sai na teku ya gangaro tudu. Haka kuwa aka yi. Rijiyoyi suka shiga yin gishiri ɗaya bayan ɗaya, tun daga na bakin gaɓa har na cikin gari.

Hukumar Jihar Niu Yok ta farga tun kafin abin ya kai haka. A 1933 ta kafa doka cewa a tsibirin nan ba mai haƙa rijiyar da za ta ja fiye da galan 100,000 a yini sai da izni, wanda kuma ya ja ruwa don sanyaya gini tilas ya mai da shi ƙasa ta wata rijiya bayan ya gama da shi. Doka ce mai kyau, daga baya ma aka ƙara tsananta ta, amma ga Burukilin ta zo a makare. A 1947 aka rufe rijiyoyin kamfanin da ke ba unguwar Flatbush ruwa, daga ran nan ba a sake shayar da jama'ar Burukilin da ruwan ƙasarsu ba. Da ja ya koma gabas, cikin Kwins, sai gishiri ya bi shi can, har a 1974 aka rufe rijiyoyin unguwar Woodhaven su ma. Kamfanin ruwa na unguwar Jamaika ne ya rage. Hukumar birni ta saye shi a 1996, ta yi ta rage ja saboda ruwan ba shi da kyau kamar na duwatsu, har aka daina ɗungum a 2007.

Wani zai ce, to, ina asarar? Ai mutanen Niu Yok ba su mutu da ƙishirwa ba, ruwansu ma ya yi suna wajen daɗi. Gaskiya ne, amma a tambayi dalili. Sun tsira ne don suna da abu biyu da ba kowa ke da su ba: duwatsu masu yawan ruwan sama a bayan gari, da dukiyar da za ta huda dutse ta jawo shi. Birnin yana da manyan madatsun ruwa 19, ɗaya daga cikin ramukan da ke kawo ruwan, wanda a ke kira na Delaware, tsawonsa mil 85 ne a cikin dutse. Da haka a ke kawo wa mutum fiye da miliyan 8 ruwa wajen galan miliyan 1,000 ko wace rana. Ba gyara rijiyoyinsu suka yi ba, gudu suka yi suka bar su. Garin da ba shi da inda zai gudu, bai kamata ya yi koyi da su ba.

Gudun ma bai raba su da wahala ba. A shekarun da ruwan ƙasa ya yi nisa, mutane suka gina ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da hanyoyin jirgin ƙasa masu bi ta rami, suna zaton busasshiyar ƙasa ce. Da aka kashe injuna, sai ruwa ya komo gidansa na da. Bayan 1947 ya shiga ramukan jirgi a Burukilin, har aka koma ana jan ruwa dare da rana ana zubarwa don kawai jirgi ya wuce. Haka kuma bayan an rufe rijiyoyin Jamaika, ruwa ya taso cikin gidajen mutanen kudu maso gabashin Kwins, da makarantu, da wuraren ibada. Yawancinsu baƙaƙen fata ne da baƙi 'yan ƙwadago waɗanda suka tara gumin shekaru suka sayi gida, ga su nan suna sayen injin zuƙe ruwa da kuɗin aljihunsu. Wanda ya yi ɓarnar daban, wanda ya biya daban.

Har yanzu kuma zancen bai ƙare ba. Gabas da Kwins akwai gundumomin Nassau da Suffolk, inda mutum kusan miliyan 3 ba su da wani ruwan sha sai na ƙasa. Tuni aka rufe wasu rijiyoyi a Great Neck da Port Washington saboda gishiri. A 1986 aka hana sababbin rijiyoyi a hawan Lloyd, sai ga garuruwan bakin teku irin su Long Beach, waɗanda ba su da wani hawan da za su sha. A 2016 gwamnatin jiha ta sa aka fara sabon awo na tsibirin duka, rahoton da ya fito a 2024 kuwa ya nuna gishiri yana nan a yammacin tsibirin, har cikin hawan da ke can ƙasa. Shekara fiye da 70 ke nan da rufe rijiyoyin Flatbush. Fuskar ruwa ta kan komo cikin 'yan shekaru, amma wanke gishiri daga rairayi aikin tsara da tsara ne. Ga shi kuma teku kansa yana tasowa: ma'aunin da ke bakin Manhatan ya nuna ya ƙaru da kimanin ƙafa ɗaya tun daga 1900.

To, jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Da yawa daga manyan biranen Afirka ta Yamma a bakin teku su ke, wasu a kan rairayi kamar Burukilin, da yawansu kuwa akwai zangon Hausawa a ciki. A Ikko, inda ruwan famfon gwamnati bai kai ga yawancin gidaje ba, duk mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa, a unguwannin da ke tsakanin teku da tafki kamar Lekki kuwa ruwan zartsi ba baƙon abu ba ne. A Kwatano, rijiyoyin Godomey da ke shayar da birnin suna kusa da tafkin Nokoue mai gishiri, masana sun daɗe suna gargaɗi a kansu. A Keta ta ƙasar Gana, manoman albasa suna ban ruwa daga wani siririn ruwan daɗi da ke bisa na gishiri. Dakar kuwa tun 1971 ta ke jawo ruwa daga tafkin Guiers, nisan wajen mil 150, don rijiyoyinta ba su isa ba. Mai tura kurar ruwa a Agege, da mai sayar da abinci a Zangon Kwatano, su ne za su fara jin tsadar ruwa ran da rijiyoyin nan suka juya.

Abin da labarin Niu Yok ya koyar shi ne, ruwan ƙasa ba na mai fili ba ne shi kaɗai. Katanga tana raba gida da gida a sama, amma a ƙasa randa ɗaya ce kowa ke ɗiba. Mutumin da ya sa babban inji a gidansa yana janye ruwan maƙwabcinsa, in a bakin teku ne kuwa yana jawo wa unguwa duka gishiri. Saboda haka wajibi ne hukuma ta sa hannu, ta san yawan rijiyoyi, da zurfinsu, da abin da a ke ja daga cikinsu.

Akwai masu cewa wannan zalunci ne, maganarsu kuwa ba ta banza ba ce. Su kan ce, hukumar da ta kasa kawo ruwa a famfo, da wane ido za ta ce wa talaka ya nemi izni kafin ya haƙa rijiya? Ba haraji ne kawai za a ƙirƙiro ba? Amsa ita ce a dubi dokar 1933 da kyau. Ba ta taɓa mai guga da igiya ba, ba ta taɓa ƙaramar rijiyar gida ba. Manyan masu ja ta kama. Haka ya kamata a yi ko ina: a fara da masana'antu, da manyan masaukai, da masu cika tankoki da ledoji suna sayarwa, gama su ne ke sauke ruwa. Kuɗin iznin kuma a ga aikinsa a famfon unguwa. Dokar da ta hana tono ba ta kawo famfo ba, ba wanda zai bi ta, ba kuwa za a ga laifinsa ba.

Abu na biyu shi ne awo. Gishiri ba ya sallama. Ran da aka ji shi a baki, aikin gama ya gama. Amma in aka haƙa 'yan rijiyoyin gwaji a jere a bakin gaɓa, ana auna zurfin ruwansu da gishirinsu ko wane wata, ana kuma sanar da jama'a, za a gan shi tun yana nesa. Wannan aiki bai kai kuɗin mil ɗaya na babban bututu ba.

Abu na uku, a mayar wa ƙasa abin da aka karɓa. A Nassau da Suffolk, tun daga 1935 a ke haƙa kududdufai na musamman inda ruwan titi ke taruwa ya nutse, yanzu sun wuce 2,000. Mutanen Amsterdam na ƙasar Holan, da suka ga gishiri na tasowa a tuddan rairayin da su ke sha tun 1853, sai daga 1957 suka riƙa jawo ruwan kogi suna zubawa a kan tuddan. A gundumar Orange ta Jihar Kalifoniya kuwa, tun 2008 a ke tace ruwan da gari ya yi amfani da shi har ya zama garau, a dura wani kashi cikin jerin rijiyoyi a bakin teku, ya zama ganuwa tsakanin gishiri da ruwan sha. Birni kamar Ikko, wanda ruwan samansa ya fi na Niu Yok, bai rasa abin da zai mayar ba. Abin da ya ke bukata shi ne a bar wa ruwa fili, a daina cike fadamu da rufe ko wane tsakar gida da siminti.

Masu sauraro na Kano da Katsina da Maraɗi za su ce teku ya yi musu nisa. Haka ne, amma randar ƙasa ko ina hukuncinta ɗaya. A ƙasar Barno, daga ƙarshen shekarun 1950 aka haƙa ɗaruruwan burtsatse waɗanda ruwa ke tunkuɗowa da kansa ba inji, aka bar da yawa suna kwarara dare da rana, a hankali ƙarfinsu ya ragu, wasu suka ƙafe. A birane kuma kowa ya ga yadda sabuwar burtsatse mai zurfi ke busar da tsofaffin rijiyoyin unguwa, da yadda a ke cike kududdufan da ke shayar da ƙasa a gina kantuna a kai. Inda ƙasa ke da kanwa ko gishiri a cikinta kuwa, yawan ja na iya jawo zartsi ko da babu teku a kusa.

Mutanen Burukilin sun sami shekara wajen talatin da za su iya tsai da hannu, ba su tsayar ba, don ko wane mai inji yana ganin nasa ɗiban kaɗan ne. Biranen Afirka ta Yamma suna cikin irin shekarun nan yanzu, suna kuma da abin da waɗancan ba su da shi, watau sanin ƙarshen labarin. Ya rage ga hukumomi su ƙidaya rijiyoyi su auna ruwa, ya rage ga masu unguwanni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su matsa musu har su yi.

A nan zancen kimiyya na yau ya tsaya.